Layin satar gida a talabijin

Layin satar gida wani zane ne da kwamfuta take ɗorawa a kan hoton filin ƙwallon ƙafa a talabijin, domin a nuna ko ɗan wasan gaba ya wuce masu tsaron baya a daidai lokacin da abokin wasansa ya bugo masa ƙwallo. Babu layin a ƙasan fili, kuma 'yan wasa da alƙalin da ke tsakiya ba sa ganinsa. Da farko gidajen talabijin ne suke zana shi don yin sharhi bayan alƙali ya riga ya yanke hukunci. Tun daga shekarar 2018, lokacin da aka shigar da tsarin VAR cikin dokokin wasa, ya zama abin da ake dogaro da shi wajen tabbatar da ƙwallo ko soke ta. Yana cikin rukunin zane-zanen hukunci da ake gani a wasannin talabijin, tare da hoton layin raga, da zanen inda ƙwallo ta sauka a wasan tanis, da akwatin jifa na wasan besbol a Amurka.

Layin ƙiyasi ne da aka gina a kan abubuwa uku: auna matsayin kyamara, zaɓen hoton da aka tsayar da bidiyo a kansa, da zaɓen gaɓar jikin ɗan wasa da za a auna. Kowanne daga cikinsu yana da iyakar daidaitonsa. A mafi yawan lokuta layin ya fi idon ɗan Adam daidaito nesa ba kusa ba, amma idan tazarar ta koma 'yan santimitoci, abin da ake aunawa yana iya zama ƙasa da kuskuren ma'aunin kansa. Wannan ne tushen yawancin gardamar da ake yi a kansa, daga filayen Turai har gidajen kallon ƙwallo na Kano.

Dokar da layin yake aunawa

Satar gida ita ce doka ta 11 a cikin dokokin ƙwallon ƙafa da hukumar IFAB take tsarawa. Ɗan wasa yana matsayin satar gida idan yana cikin rabin filin abokan hamayya, kuma wani sashe na kansa ko gangar jikinsa ko ƙafarsa ya fi kusa da layin ƙarshen fili a kan ƙwallon da kuma ɗan wasa na biyu daga ƙarshe na abokan hamayya. Galibi mai tsaron raga shi ne na ƙarshe, shi ya sa ake cewa ana auna ɗan gaba da ɗan baya na ƙarshe, amma dokar ba ta ambaci gola ba. Idan gola ya fito, sai an sami 'yan baya biyu.

Ba a lissafa hannu, na kowa da kowa har da mai tsaron raga. Dokar ta sa iyakar hannu a daidai ƙasan hamata, don haka kafaɗa tana cikin lissafi, domin ana iya cin ƙwallo da ita. Lokacin da ake dubawa shi ne farkon taɓawar da mai ba da ƙwallon ya yi mata. Babu satar gida idan an karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola. Haka kuma tsayawa a wurin kawai ba laifi ba ne, sai ɗan wasan ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa abokin hamayya, ko ya amfana da matsayinsa.

An sauya dokar sau da dama. A 1925 aka rage adadin 'yan bayan da ake buƙata daga uku zuwa biyu, a 1990 kuma aka ce wanda ya daidaita da ɗan baya bai yi satar gida ba. An rubuta wannan ƙa'idar daidaitawa ne don idon mai riƙe da tuta, wanda a wurinsa mutum biyu da suka yi kafaɗa da kafaɗa sun daidaita. A wurin kwamfuta da wuya mutum biyu su daidaita: kullum akwai wanda ya ɗara wani, ko da da kaurin yatsa ne.

Tarihi

Aikin mataimakin alƙali yana da wahala a asalinsa, domin ana so ya ga wurare biyu a lokaci guda: ƙafar mai bugo ƙwallo da sahun 'yan baya, waɗanda kan yi nisan mita 30 ko fiye da juna. Wani bincike da masana daga ƙasar Holan suka wallafa a mujallar Nature a shekarar 2000 ya danganta yawancin kurakuran satar gida da inda mai tuta yake tsayawa, domin idan bai daidaita da ɗan baya ba, yana kallon 'yan wasan ne a karkace.

Ɗora zane a kan hoton fili ya bunƙasa ne a ƙarshen shekarun 1990. A 1998 kamfanin Sportvision ya fito da layin rawaya da ake gani a wasan ƙwallon Amurka, wanda yake zaune a kan ciyawa kamar an shafa shi da fenti ko da kyamara tana juyawa. A 2001 tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fara amfani da na'urar Hawk-Eye, wadda Paul Hawkins ya ƙirƙiro, a wasan kurket, kuma a shekarar ce tashar ESPN ta fara nuna akwatin jifa na besbol mai suna K-Zone. Wasan tanis ya ba 'yan wasa damar ƙalubalantar hukunci da Hawk-Eye daga 2006. Kamfanin Sony ya sayi Hawk-Eye a 2011.

Ƙwallon ƙafa ta fara ne da na'urar layin raga, wadda ta shiga gasar Firimiya ta Ingila a kakar 2013/14 da gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil. Jamus da Italiya sun fara amfani da VAR a kakar 2017/18, IFAB ta amince da shi a watan Maris na 2018, aka kuma yi amfani da shi a gasar cin kofin duniya ta Rasha a wannan shekara. Sifaniya ta bi sahu a kakar 2018/19, Ingila a 2019/20. A gasar cin kofin Afirka an fara shi ne a Masar a 2019, daga zagayen kwata fainal.

Yadda ake zana layin

Auna kyamara. Kyamara tana mayar da fili mai tsawo da faɗi da tsayi zuwa hoto shimfiɗaɗɗe. A cikin hoto, layukan da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙasa sukan bayyana kamar za su haɗu a can nesa, kamar yadda ƙarafan titin jirgin ƙasa suke yi wa mai hange. Saboda haka layin satar gida, wanda dole ya yi daidai da layin ƙarshen fili, a karkace yake fitowa a allo, kuma karkatarsa tana sauyawa daga wani sashe na fili zuwa wani. Kafin wasa, ma'aikata sukan nuna wa kwamfuta wasu wurare da aka san ma'auninsu, kamar kusurwoyin gidan gola mai tsawon mita 16.5 da layin tsakiya, daga nan ta lissafa inda kyamara take da yadda take kallo. Ana kuma lura da tudun fili, domin filaye da yawa sun ɗan tasa a tsakiya don ruwa ya gangare. A tsarin da gasar Firimiya ta fara da shi, kyamarori biyar ake aunawa haka: babbar kyamarar tsakiya, da biyu a daidai gidan gola, da biyu a layin raga.

Zaɓen hoto. Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri. Mai kula da VAR yana matsar da su ɗaya bayan ɗaya har ya sami na farko da ya nuna ƙafa ta taɓa ƙwallo, sai a tsayar da dukkan kyamarori a wannan lokaci.

Zaɓen gaɓa. Idan ƙafar ɗan wasa da ke ƙasa ita ce ta fi kusa da raga, aikin yana da sauƙi: a sa layi a bakin takalmi. Idan kafaɗa ce ko gwiwa ko kai, gaɓar tana sama da ƙasa, kuma hoto yana yaudara a nan. Sai a sauko da wani layi a tsaye daga gaɓar zuwa ciyawa, a duba ta kyamarori biyu ko fiye don a sami ainihin inda ya faɗa. Ana yin haka ga ɗan baya da ɗan gaba, a kwatanta layukan biyu.

Wannan yaudarar hoto ita ce wadda fasinja yake gani idan ya leƙa allurar mai daga kujerar gefen direba: allurar tana nan inda take, amma shi yana ganin ta a kan wata lamba dabam. An ga misalinta a fili a wasan Japan da Sifaniya ranar 1 ga Disamba, 2022. Hotunan gefe sun nuna ciyawa tsakanin ƙwallo da layi kafin Kaoru Mitoma ya dawo da ita aka ci, jama'a suka ce ta fita. Amma ƙwallo zagayayya ce: gindinta yana iya barin layi alhali cikinta yana rataye a samansa, kuma doka ta ce sai dukkanta ta wuce. An tabbatar da ƙwallon, Japan ta yi nasara da ci 2–1, aka fitar da Jamus daga gasar.

Tsarin da kwamfuta ke aunawa da kanta

Zana layi da hannu yana cin lokaci, kuma mutum biyu suna iya sa shi a wurare daban-daban. Don haka FIFA ta kawo tsarin da kwamfuta take yin awon, mutum ya tabbatar. A gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022 an kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane fili, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa. A cikin ƙwallon gasar, mai suna Al Rihla, an sa wata ƙaramar na'ura mai aika bayanin motsi sau 500 a daƙiƙa, wadda take nuna lokacin da aka taɓa ta. Idan ɗan wasan da ke matsayin satar gida ya karɓi ƙwallo, tsarin yana sanar da masu VAR, su duba lokacin bugu da layin, sannan su gaya wa alƙali. An ga aikinsa tun a wasan buɗe gasa ranar 20 ga Nuwamba, inda aka soke ƙwallon da Enner Valencia na Ecuador ya ci a mintunan farko.

Gasar Zakarun Turai ta fara amfani da irin wannan tsari a kakar 2022/23, gasar Italiya a watan Janairu na 2023, gasar Firimiya kuma ranar 12 ga Afrilu, 2025, da na'urorin kamfanin Genius Sports masu ɗaukar hoto 100 a daƙiƙa.

Hoton mutum-mutumi da ake nunawa bayan hukunci, inda wani bango yake yanka kafaɗa ko yatsan ɗan wasa, ba bidiyon wasan ba ne. Kwamfuta ce take ƙera shi daga lambobin da ta auna, bayan an gama yanke hukunci, don a fahimtar da masu kallo. Saboda haka ba zai taɓa saɓa wa hukuncin ba, kuma ba shaida ce ta biyu mai zaman kanta ba.

Daidaito da kuskure

Tazarar hotuna. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa tana barin kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa tsakanin hoto da hoto. Ɗan wasan da ke gudun mita 8 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 29 a awa, yana cin santimita 16 a wannan ɗan lokaci. Idan ɗan baya yana fitowa da gudun mita 4 a daƙiƙa yayin da ɗan gaba yake shiga, tazarar da ke tsakaninsu tana sauyawa da santimita 24 daga hoto ɗaya zuwa na gaba. Taɓawar farko kuwa sau da yawa tana faɗawa ne tsakanin hotuna biyu: a na farko ƙafa ba ta iso ba, a na biyu ƙwallo ta fara tafiya. Da kyamarar hoto 100 a daƙiƙa, santimita 16 ɗin nan suna komawa 8. Da na'urar cikin ƙwallo ana sanin lokacin bugu da kyau, sai dai matsayin 'yan wasa a wannan lokaci har yanzu daga kyamarori ake samo shi.

Idon mai zaɓen hoto. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Bath ta Ingila a 2022 ya gano cewa mutanen da aka nuna wa bidiyo sukan ɗauka an buga ƙwallo a makare, da kimanin kashi 132 cikin 1,000 na daƙiƙa bayan ainihin lokacin. Jinkiri irin wannan yana cutar da ɗan gaba, tunda shi ne yake ƙara shiga.

Dushewar hoto da iyakar gaɓa. Ƙafar da ke gudu takan fito a dushe, kuma ɗigo ɗaya na hoton da aka ɗauka daga nesa yana iya ɗaukar santimita biyu ko fiye na fili. Ƙasan hamata kuma ba shi da alama a jikin riga. A ranar 2 ga Nuwamba, 2019 aka hana Roberto Firmino na Liverpool ƙwallo a wasansu da Aston Villa, gasar Firimiya ta bayyana cewa hamatarsa ce ta wuce. A Nuwamba na 2020 aka soke ta Patrick Bamford na Leeds, wanda ya miƙa hannu yana nuna inda yake son a jefo masa. Bayan ƙorafe-ƙorafe irin waɗannan, daga kakar 2021/22 Ingila ta ƙara wa layukan kauri, ta ce idan na ɗan gaba da na ɗan baya suka taɓa juna a bar ƙwallon, wato rangwamen kimanin santimita 5. A gasar Turai ta 2024 kuwa an soke ƙwallon Denmark a wasansu da Jamus saboda bakin takalmin Thomas Delaney, kocinsu Kasper Hjulmand ya nuna wa 'yan jarida hoton a wayarsa yana ƙorafi.

Abin da kyamara ba ta gani ba. A watan Satumba na 2022 an soke ƙwallon da Arkadiusz Milik ya ci wa Juventus a ƙarshen wasansu da Salernitana. Daga baya wani hoto ya nuna Antonio Candreva na Salernitana yana tsaye can kusa da tutar kwana, ya rufe satar gidan, amma bai fito a hotunan da masu VAR suka duba ba. Ko na'urar layin raga, wadda ta auna cewa saura kimanin milimita 11 ƙwallo ta gama shiga ragar Manchester City kafin John Stones ya fitar da ita a Janairu na 2019, ta taɓa kasawa: ranar 17 ga Yuni, 2020 golan Aston Villa ya shiga raga da ƙwallo a wasansu da Sheffield United, agogon alƙali bai yi ƙara ba. Kamfanin Hawk-Eye ya ba da haƙuri, ya ce gola da ɗan baya da turken raga sun tare wa kyamarorinsa bakwai.

Kuskuren ɗan Adam. Manyan kurakuran da aka yi a Ingila daga mutane suka fito. A rana ɗaya cikin Fabrairu na 2023, mai VAR bai zana layi ba a ƙwallon da Brentford ta farke wa Arsenal, a wani fili kuma aka zana layi a kan ɗan bayan da ba shi ne na ƙarshe ba, aka soke ƙwallon Brighton. A ranar 30 ga Satumba, 2023 layin ya nuna daidai cewa Luis Díaz na Liverpool bai yi satar gida ba, amma mai VAR ya zaci alƙali ya riga ya ba da ƙwallon, ya ce an gama dubawa, aka ci gaba da wasa a kan hukuncin soke ta. Tottenham ta yi nasara da ci 2–1, hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskurenta.

Akwatin jifa a wasan besbol

Wasan besbol, wanda ya fi farin jini a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da ƙasashen Karibiyan, ya riga ƙwallon ƙafa shiga wannan matsala. A wasan, mai jifa yana tsayawa mita 18.44 daga wani farin faranti da ke ƙasa mai faɗin santimita 43, ya jefo ƙwallo da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa. Mai duka yana gefen farantin da sanda, mai cafewa yana tsugune a baya, alƙali yana bayansa. Idan mai duka bai kai sanda ba, alƙali ne zai ce jifan ya ratsa yankin da doka ta ware ko ya kauce. Yankin yana saman faranti, daga ƙasan ƙoƙon gwiwa zuwa tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da ƙugun wando. Jifa uku masu kyau suna fitar da mai duka, huɗu da suka kauce suna ba shi damar wucewa kyauta.

Akwatin da ake gani a allo yana wakiltar wannan yanki. Bayanan inda ƙwallo ta ratsa sun fara fitowa daga tsarin kyamarori na PITCHf/x da aka fara a 2006, sannan na'urar radar ta TrackMan daga 2017, sannan kyamarori 12 na Hawk-Eye a kowane fili daga 2020. Awon ƙwallon kanta yanzu yana da daidaito sosai, kuskurensa bai kai santimita ɗaya ba. Rauni yana wajen akwatin. Samansa da ƙasansa sun dogara da tsawon mai duka da yadda yake ranƙwafawa, kuma wannan yana sauyawa. Yankin doka yana da zurfi, akwatin allo kuwa shafi ɗaya ne, alhali ƙwallo tana lanƙwasa tana saukowa yayin da take ratsa faranti. Kyamarar da ke bayan mai jifa galibi tana ɗan gefe ne kuma a sama, don kada ya tare mata. Ƙwallon tana da faɗin santimita 7 da ɗoriya, kuma ko gefenta ne ya shafi yankin an ƙirga, don haka ɗigon da ya bayyana a wajen akwati yana iya zama jifa mai kyau. Mai kallo kuma yakan bi inda mai cafewa ya kama ƙwallo, wanda yake bayan faranti, kuma ƙwararrun masu cafewa sukan ja safar hannunsu cikin yankin don su rinjayi alƙali.

Gasar Koriya ta Kudu ta miƙa wa na'ura hukuncin gaba ɗaya daga 2024. A watan Satumba na 2025 babbar gasar Amurka ta MLB ta amince da tsarin ƙalubale daga kakar 2026: alƙali ne zai ci gaba da hukunci, amma kowace ƙungiya tana da ƙalubale biyu, wanda mai jifa ko mai cafewa ko mai duka zai nema ta hanyar taɓa kansa. Don tsarin ya yi aiki sai da aka fassara yankin da lambobi: samansa kashi 53.5 cikin 100 na tsawon mai duka, ƙasansa kashi 27, ana auna shi a tsakiyar faranti. Wato kafin na'ura ta yi hukunci, sai da mutane suka sake tsara abin da za ta auna, kamar yadda ƙwallon ƙafa ta yi da ƙasan hamata.

A gidajen kallo na Kano

A Kano, matasa da yawa suna kallon wasannin Turai ne a gidajen kallon ƙwallo, inda ake biyan kuɗin shiga a zauna a benci, a rubuta jerin wasannin ranar a allo a bakin ƙofa. Akwai irinsu a unguwannin ƙaramar hukumar Gwale kamar Ɗorayi da Kabuga da Mandawari da Sani Mainagge, kuma galibi tashoshin SuperSport na DStv ake kamawa. Yanayin wurin yana ƙara wa layin nauyi. Sharhin wasa da Turanci yake, hayaniyar jama'a da ƙarar janareta sukan danne shi, wani lokaci ma talabijin biyu ko uku ke nuna wasanni daban-daban a rumfa ɗaya. Zanen da ya fito a allo na 'yan daƙiƙoƙi shi ne kusan dukkan bayanin da mai kallo yake samu, kuma a kansa magoya bayan Arsenal da Chelsea da Manchester United, ko Barcelona da Real Madrid, za su ci gaba da musu a teburin mai shayi. Haka aka yi a faɗin ƙasar ranar 2 ga Fabrairu, 2024, da VAR ya soke ƙwallon Victor Osimhen saboda satar gida a wasan kwata fainal da Najeriya ta doke Angola da ci 1–0 a gasar cin kofin Afirka.

Hotunan da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook bayan wasa suna ƙara ruɗani. Wanda ya ɗauki allo da wayarsa daga gefen rumfa ya ƙara wata karkata a kan ta kyamarar fili. Wanda ya ja miƙaƙƙen layi daga sama zuwa ƙasa a kan hoton ya manta cewa layin gaskiya a karkace yake, kuma hanyar gane karkatarsa ita ce a dubi layin gidan gola ko sahun yankan ciyawa da ke kusa. Hoton da aka tsayar bayan ƙwallo ta bar ƙafa kuma yana nuna wani lokaci ne dabam da wanda doka take dubawa.

A wasannin gida lamarin ya bambanta. Gasar Najeriya ta NPFL, wadda Kano Pillars ta lashe a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta daɗe ana buga ta ba tare da VAR ba. A filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, da filayen unguwa inda ake zana layi da toka ko farar ƙasa, hukuncin satar gida yana hannun mai tuta shi kaɗai, a cikin ƙiftawar ido, babu maimaici. 'Yan kallon da suka saba ganin an raba gardama da santimita a talabijin suna tsaye ne a wuraren da ba su daidaita da 'yan baya ba, don haka abin da suka gani daga kujerunsu bai isa hujjar cewa mai tuta ya yi son kai ba. Kafa tsarin layi yana buƙatar kyamarori da yawa a wurare tsayayyu, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da horarrun ma'aikata a kowane wasa.

Muhawara

Masu goyon bayan layin suna cewa ya kawar da manyan kurakurai, irin ƙwallon da ake ci da tazarar mita guda, kuma yana auna kowace ƙungiya da ma'auni ɗaya. Masu suka suna cewa an kafa dokar satar gida ne don hana ɗan wasa zaman jiran ƙwallo a bakin raga, kuma wanda ya wuce da yatsa bai sami wata riba ba. Suna kuma ƙorafin jinkiri, da yadda ake fasa murna har sai an gama dubawa.

Arsène Wenger, tsohon kocin Arsenal wanda ya zama shugaban sashen bunƙasa ƙwallo na FIFA a 2019, ya ba da shawarar a ce babu satar gida muddin wani sashe na jikin ɗan gaba da ake iya cin ƙwallo da shi ya daidaita da ɗan baya. Masu adawa da shawarar suna cewa za ta matsar da layin ne kawai daga gaban jikin ɗan wasa zuwa bayansa, kuma a can ma za a sami hukuncin santimita ɗaya. Haka rangwamen santimita 5 yake: wanda ya wuce da 6 an soke tasa. Wata shawarar ita ce a riƙa bayyana wa jama'a iyakar kuskuren na'ura tare da kowane zane, kamar yadda wasan kurket yake barin hukuncin alƙali a yadda yake idan awon Hawk-Eye ya faɗa cikin tazarar da ba ta da tabbas.